Tana Gani, Amma Ba Ta Faɗa

Cluj, Litinin, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga uwargida, Doamna Viorica,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Yaya jiki? Yaya idon, ya daina ruwa tun bayan aikin da aka yi masa? Ina fata sanyin Botiza bai hana ki leƙa ƙudan zumanki ba. Zumar da kika aiko ta iso, Mama tana godiya. Kwalba ɗaya ta tsage a hanya, direban bas ya rantse min ramin titi ne, ba shi ba.

Na san likita ya hana ki kallon waya, shi ya sa na ɗauki biro. Amma ko da bai hana ba, wannan maganar ba zan rubuta ta a kwamfutar ofis ba.

Kin san tun da bazara aka sayar da kamfaninmu. Sababbin masu shi sun ce za a rage ma'aikata, kuma ranar shida ga Disamba za a fitar da sunaye. Kafin nan sun kawo wani sabon tsari da babu shi a zamaninki. Kowane ma'aikaci, abokan aikinsa biyar za su rubuta a kansa ba tare da sun sa suna ba: ina ƙarfinsa, ina rauninsa. Ranar Juma'a aka ba ni nawa a ofishin ma'aikata. Yarinyar da ta miƙo min takardar har da murmushi, wai in karanta da buɗaɗɗiyar zuciya. A bayi na karanta, na kulle ƙofa.

Ga abin da suka ce, na kwafe miki.

Na farko ya ce takarduna a tsare suke, mai rubuta manhaja ba ya buƙatar dawowa ya tambayi me nake nufi, amma ba na buɗe baki a taro. Na biyu ya ce ina da haƙurin sauraron abokan ciniki ko da suna zuba shirme, sai dai tambayoyina sun yi yawa, suna cinye lokaci. Na uku ya ce na san aiki, amma ina neman matsala inda babu ita. Wannan Cezar ne, shugaban aikinmu, ko cikin barci na san bakinsa. Na huɗu ya ce ni mutuniyar kirki ce, kuma yana ganin wani aikin da ba shi da matsi zai fi dacewa da ni. Wannan ya yi min zafi, domin irin tausayin nan ne da ake yi wa wanda aka riga aka yi wa sallama.

Amma ba ɗayansu da ya hana ni cin abinci sai na biyar. Ya rubuta: "Ƙarfinta: tana ganin abin da ba wanda ya gani. Rauninta: tana gani, amma ba ta faɗa. A tambaye ta ina sakin layi na sha huɗu ya tafi."

Doamna Viorica, da na kai nan sai da na sake karantawa. Wannan takardar tana hannun ofishin ma'aikata, tana hannun darakta. Tun ranar Juma'a duk wanda ya nufo teburina sai in ce ya zo ne ya tambaye ni. Yau da safe wayar tebur ta yi ƙara, na zubar da kofi a kan siket ɗina, ashe mai gyaran firinta ne. Ina zaune ina kallon ƙeyar mutane ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wannan ne, a'a wancan ne. Mu tara ne kawai a ɗakin. Da ɗayansu nake cin abincin rana kullum ban sani ba.

Shekarata talatin da huɗu, Mama tana hannuna tun da ɓarin jikinta ya shanye. In aka sallame ni da irin wannan magana a takardata, garin nan ƙarami ne, kowa ya san kowa a sana'armu.

Don Allah kada ki tambaye ni mene ne sakin layin nan. Ki dai faɗa min, ke da kika yi shekara ashirin kina shugabancin mutane: wanda ya rubuta haka, so yake a kore ni?

Ki gaishe da maigida, Nea Ilarie. Allah Ya ƙara sauƙi.

Taki cikin ladabi,
Smaranda

*

Botiza, Laraba, 20 ga Nuwamba

Smaranda 'yata,

Na gaishe ki, na gaishe da mamanki, Allah Ya ɗaga kafaɗunta. Ido da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun nan manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, da ido guda nake yi. Ilarie yana amsawa, yana can yana faskare yana zagin gatari. Direban nan kuwa maƙaryaci ne, na ga yadda yake jefa kaya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Huɗun farko ki sa su a murhu. Wanda ya ce tambayoyinki sun yi yawa bai san me ake biyanki ki yi ba. Mai nazarin aiki tambaya ce jarinsa. Ke ce a tsakanin mai son abu da mai gina shi, wancan bai iya faɗin abin da yake so ba, wannan bai iya tambaya ba. In kika yi shiru, me ya rage? Mai buga takarda.

Kin tuna ranar da na ɗauke ki aiki? Mutum bakwai na gwada da labarin gidan burodin nan mai son manhajar karɓar oda. Shida suka zana min akwatuna da kibiyoyi, gwanin sha'awa. Ke kika zauna kina murza yatsu kamar an kama ki da sata, can kika ce, "Yi haƙuri, ranar da mai shagon ba shi da lafiya, wa ke riƙe makullin?" A nan na rufe fayil ɗin sauran. Shekara shida kina ƙarƙashina, kuma laifina ne da ban gyara miki abu ɗaya ba. Kina kawo min magana a kunne, ni kuma in faɗe ta a taro da babbar muryata. Na ji daɗin hakan, na bar ki a haka. Da na yi ritaya na tafi da muryar, na bar ki da idon.

Yanzu ga na biyar. Kin tambaye ni ko so yake a kore ki. Ban sani ba. Amma mai son a kore ka ba ya fara da cewa kana ganin abin da ba wanda ya gani. Wannan mutumin ko dai yana jin haushinki ne, ko kuma yana jin tsoron wani abu, ko duka biyun.

Kin ce kada in tambaya. Yaushe na taɓa jin irin wannan maganar? Kin cika shafi uku kina ba ni labarin wanda ya rubuta, ba ki ce min ƙarya ya yi ba. Ba takardar ofishin ma'aikata ce ta hana ki cin abinci ba. Mene ne a sakin layi na sha huɗu?

Bas ɗin Asabar zai dawo ta nan, ina jiran amsa a cikinsa. Na sa miki kwalbar zacusca, miyar gauta da tattasai nan tamu, ki ci da burodi ko ba ki so.

Taki har kullum,
Viorica

*

Cluj, Juma'a, 22 ga Nuwamba

Doamna Viorica,

Barka da war haka, da fatan kin tashi lafiya ke da Nea Ilarie. Saƙo ya iso, na gode. Na ci cokali biyu.

To, ga ta nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Aikin da muke yi na wani kamfanin rarraba magunguna ne. Suna da motoci masu firji da ke kai allurar ciwon suga da ta rigakafi kantunan magani. A tsohon tsari akwai wata 'yar na'ura kusa da sitiyari, in firjin ya fara ɗumi sai ta yi ta kuka har direba ya tsaya. A sabon tsarinmu za a cire ta. Gargaɗin zai tafi kai tsaye allon manajan sito, shi kuma ya kira direba. Haka suka nema, don direbobi suna kashe na'urar in ta dame su.

A watan Maris na je siton na kwana biyu ina kallon yadda suke aiki, kamar yadda kika koya min. Rana ta biyu ina shan kofi a bakin ƙofar lodi da wani tsohon direba, Nea Gavril. Na yi masa bayanin sabon tsarin. Ya saurara har ƙarshe, sai ya ce, "Madalla, 'yan boko. To ranar Asabar fa?" Na ce me ke faruwa ranar Asabar. Ya yi dariya ya ce, "Manaja yana gidansa yana gasa nama. Mu ukun da ke hawa ƙauyukan kan dutse, da asuba muke lodi, mu kulle sito da kanmu. Allon naku da ɓeraye zai yi magana."

Ba wanda ya faɗa min haka a ofishinsu, domin a takarda akwai manaja kullum. Na dawo na rubuta sakin layi na sha huɗu: ranar da babu kowa a sito, dole gargaɗin ya shiga wayar direba. Kin san allurar suga in ta sha zafi ta sake yin sanyi, ba ta canza kala, ba ta wari. Mutum zai yi ta soka wa kansa yana zaton magani ne.

Na kawo maganar a taronmu na cikin gida. Cezar ya lissafa da yatsu, ya ce mako uku zai ƙara mana, alhali mun riga mun makara. Na ce, "Amma idan fa firjin ya mutu ranar Asabar?" Sai ya jingina da kujera ya ce, "Ga ta nan, Madam Idan-fa! Idan fa sama ta faɗo? Idan fa direba ya haɗiye wayar? Smaranda, abokin ciniki ya nemi wannan?" Na ce bai nema ba. Ya ce, "To mu ba cocin agaji ba ne." Ɗakin ya kwashe da dariya. Horia mai gwajin manhaja har da buga tebur. Ilinca ma, ƙawata da muke cin abinci tare, ta rufe baki da hannu tana dariya.

Ba wanda ya ce in goge. Wannan shi ne abin da ke cina. Cezar cewa ya yi kawai a wuce gaba. Ni da hannuna na koma tebur na goge, na gyara lambobin don kada a ga giɓi, na sa hannu, aka aika musu suka sa nasu. Na ce wa raina zan sake ta da maganar in abubuwa sun lafa. Wata takwas ke nan.

Ranar Litinin biyu ga Disamba za a kunna sabon tsarin. A makon za a cire na'urorin daga motoci. Asabar ta farko ita ce bakwai ga wata.

Ranar Alhamis mai zuwa akwai taron ƙarshe da mutanen kamfanin magungunan, daraktanmu ma zai zauna. In na yi magana, na tona wa kaina asiri kwana takwas kafin fitar sunaye, kuma na tabbatar da duk abin da aka rubuta a kaina: mai jan lokaci, mai neman matsala, mai ɓoye magana. In na yi shiru, wataƙila firjin ba zai taɓa mutuwa ranar Asabar ba. Motocin sababbi ne. Ina ta faɗa wa kaina haka a bas, a layin kanti, a gaban madubi. Sai in ji kamar an zuba min ruwan ƙanƙara a baya.

Ina zargin Ilinca ce ta rubuta na biyar, don ita kaɗai ta ga fuskata bayan taron nan. Jiya na ce mata kaina ke ciwo, na ƙi fita cin abinci.

Ki yafe min, na ba ki kunya.

Taki,
Smaranda

*

Botiza, Lahadi, 24 ga Nuwamba

Smaranda,

Gaisuwa. Mun dawo daga coci, ban ko cire takalmi ba na zauna rubuta miki.

Kin san Lenuța, maƙwabciyata mai saƙa, wadda ta ba ki safar ulu bara? Sau biyu a rana take yi wa kanta allurar suga a cinya. Jikarta mai shekara tara ma haka, tun tana aji ɗaya. Kantin maganinmu guda ɗaya ne, kuma ranar Asabar ake kawo masa kaya. Ban san ko motar mutanenku ce ba, ban kuma tambaya ba. In ba tamu ba ce, ta wani ƙauyen ce mai tasa Lenuțar.

Ba na faɗa miki haka don in ƙara miki tsoro. Tsoro kina da shi ya ishe ki, inda kika ajiye shi ne ba daidai ba.

Ga abin da za ki yi. Ki nemo tsohon kwafin takardar, ki buga sakin layin a farar takarda. Ki fara zuwa wurin Cezar ke kaɗai, haƙƙinsa ne ya ji kafin baƙi su ji. In ya gyara, shi ke nan. In ya ƙi, ki faɗa masa a fuskarsa cewa ranar Alhamis za ki yi magana, don kada ya ce kin soke shi ta baya. A taron kuma kada ki ce "an goge", kada ki ce "Cezar ya ce". Ki ce "na goge". Muryarki za ta yi rawa. Ta yi. Ba gasar waƙa za ki je ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba za a kore ki ba. Ana iya korarki. Na ga an kori waɗanda suka fi ki gaskiya. In haka ta faru, ɗakin bayanmu yana nan, ki kawo mamanki ku sha iska har ki samu wani. Amma in kika yi shiru aka bar ki, kowace Asabar ta rayuwarki kin sayar da ita.

Ba ki ba ni kunya ba tukuna. Ranar Alhamis zan sani.

Ki shafa min kan mamanki.

Viorica

*

Talata, 26 ga wata

Smara,

Sannu da aiki. Kada ki waiwayo ki kalle ni in kin gama karantawa, don Allah. Na sa wannan a aljihun kwat ɗinki ne saboda ban iya faɗa da baki ba, ni da kowa ya sani da surutu.

Ki daina hararar Ilinca, baiwar Allah har ta tambaye ni ko ta yi miki wani laifi. Ni ne na biyar.

Makonni biyar da suka wuce ina gwada gargaɗin firji, sai na mayar da agogon gwaji ranar Asabar, don kawai na gaji da Litinin. Gargaɗin ya tafi allon manaja ya zauna. Awa ɗaya, awa shida, ba wanda ya taɓa shi, ba inda ya wuce. Na ce kai, Madam Idan-fa ba za ta bar wannan ramin ba. Sai na tuna taron Maris, na tono tsofaffin kwafin takardarki, na ga sakin layin, na ga ranar da ya ɓace. Na tuna har da yadda na buga tebur. Ban ma ji abin da kike faɗa ba a ranar, Cezar na ga yana dariya na taya shi.

Aikina ne in rubuta rahoton matsala. Minti biyar ne. Na buɗe shafin ya fi sau goma ina rufewa. Kin san 'yan biyunmu ba su yi shekara uku ba, matata Anca ba ta koma aiki ba, kuma Cezar ne zai ba darakta sunayen ɗakinmu. Sai takardar nan marar suna ta zo, na ce ga hanya. Na jefa miki dutsen na ɓoye hannuna. Na ce wa kaina ofishin ma'aikata za su tambaye ki, magana ta fito, ni ina gefe ina shan kofi. Ashe ba sa karantawa, maki kawai suke ƙirgawa. Ke kaɗai na kashe da tsoro.

Abin da na rubuta a kanki gaskiya ne, ba zan janye ba. Sai dai da an ba ki tawa takardar, da kin kwafe layin nan kin manna min, bai canza ko wasali ba.

Na ga kin buga wani abu jiya kin ninke kin sa a jaka, na san me kike shiri. Ba na miki alkawarin komai ranar Alhamis. In kin gan ni ina kallon takalmina, kada ki yi mamaki. Ga sakamakon gwajin nan na haɗa miki, na yanke wurin da sunana yake.

Ki yaga wannan. Ki huta lafiya.

Horia, babban matsoraci

*

Cluj, Alhamis, 28 ga Nuwamba

Doamna Viorica,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya.

Na gano na biyar. Horia ne, mai gwajin nan da ya fi kowa tsokanata. Shi ma ya gano ramin da kansa ya yi shiru, ya rubuto min ya faɗa. Na nemi gafarar Ilinca, ta yi kuka, sannan ta ce min ita ce ta huɗu, wai ta ga ina ramewa ne ta tausaya min. Ban san me zan yi da wannan ba tukuna.

Jiya na shiga wurin Cezar na ajiye masa takardar. Ya karanta, ya san ta. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya rufe ƙofa ya ce, "Smaranda, za mu sa shi a zagaye na biyu, cikin Fabrairu, na yi miki alkawari. Kin san me zai faru da ɗakin nan in muka ɗaga rana yanzu? Mutum tara." Na ga gumi a goshinsa. Ashe shi ma a tsorace yake. Na ce tsakanin yanzu da Fabrairu Asabar nawa ce. Ya ce in fita. Daga bakin ƙofa na ce masa gobe zan faɗa. Ya ce, "Ba za ki iya ba." Bai faɗa da mugunta ba, sanina ya yi.

Yau ƙarfe goma muka zauna. Su uku suka zo, har da shugabar masu harhaɗa magungunansu, Doamna Otilia, wata 'yar siririya mai furfura. Cezar ya yi bayani minti arba'in, komai kore, komai daidai. Darakta yana ta gyaɗa kai. Takardar tana kan cinyata, ta jiƙe da gumin hannuna. Aka ce akwai tambaya? Shiru. Aka fara rufe kwamfutoci. Wallahi na ji a raina shi ke nan, ya wuce, kuma na ji wani sanyin daɗi mai ban kunya. Darakta ya tura kujerarsa baya.

Sai na ji na ce, "Akwai." A shaƙe ta fito, har sai da na maimaita.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na san na faɗi Nea Gavril, na faɗi Asabar, na karanta sakin layin. Manajan sitonsu ya yi ja har kunne, ya ce a tsari akwai mai jiran aiki kullum. Doamna Otilia ta juya ta dube shi ta ce, "Asabar da ta wuce wa ya zauna?" Ya hau juya takardunsa. Sannan ta juyo gare ni.

"Tun yaushe kika san wannan?"

Na ce, "Tun Maris."

"Me ya sa ba ya cikin takardar da na sa wa hannu?"

Na ce, "Na goge shi."

"Wa ya sa ki?"

Cezar yana gefena, ina jin numfashinsa. Na ce, "Ba wanda ya sa ni. An yi min dariya, na ji tsoro, na goge."

Ta rubuta wani abu a littafinta. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Darakta ya yi gyaran murya ya ce wannan hasashe ne, ba a tabbatar a gwaji ba, kuma sashen gwaji bai kawo rahoton komai ba. Takardar Horia tana cikin jakata, amma in na fito da ita kowa ya san daga inda ta zo. Na bar ta. Na dubi Horia, yana kallon takalminsa kamar yadda ya ce zai yi.

Can sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "An tabbatar. Ni na gwada, ranar ashirin da biyu ga Oktoba. Awa shida gargaɗin yana zaune. Ban rubuta rahoto ba." Fuskarsa ta yi fari fat kamar alli.

Doamna Otilia ta rufe littafinta ta ce ba za a taɓa na'urar mota ko ɗaya ba sai an gyara, kuma ita da kanta za ta hau motar Asabar ta gani. An ɗaga ranar zuwa Janairu. Da suka fita darakta bai kalli kowa ba. Cezar ya tattara kayansa ya ce, "Kun kyauta," ya fice.

Na shiga bayi na wanke fuska. Da na fito Horia yana tsaye a baranda yana ƙoƙarin kunna sigari, ashana tana ta karyewa. Ya ce, "Ke, kin san muryarki kamar ta akuyar da aka shaƙe?" Na ce shi ma tasa ba ta fi ba. Na karɓi ashanar na kunna masa, muka tsaya a nan cikin sanyi.

Saura kwana takwas. Ban faɗa wa Mama ba. Ki ce wa Lenuța ina gaishe ta, kada ki faɗa mata dalili.

Taki cikin ladabi,
Smaranda

*

Cluj, Juma'a, 6 ga Disamba

Doamna Viorica,

Gaisuwa da fatan alheri. A tsaye nake rubutawa a tasha, bas yana shirin tashi.

Sunaye sun fito. Mutum goma sha ɗaya a duk kamfanin. Ba na ciki. An ce Doamna Otilia ta rubuto cewa in babu ni a aikin, su ma babu su.

Horia yana ciki. Dalilin da aka rubuta masa shi ne ya ɓoye sakamakon gwaji. Mako biyar ya ɓoye, ni wata takwas. Yau da safe 'yan biyunsa suka tashi suka tarar da alewar bikin Waliyyi Nicolae da aka sa musu a takalmansu cikin dare, da rana ya shiga gida da kwalin kayansa na ofis a hannu.

In har yanzu kina da wanda kika sani da ke neman mai gwaji, ki aiko min da sunansa a bas ɗin gobe. Ni kuma na nemi ganin darakta a kan maganar Horia ranar Litinin ƙarfe tara, an ba ni minti goma. Ilinca ta ce na haukace, wanda ya tsira daga rijiya ba ya komawa leƙe.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Smaranda